Ta ina za a fara kai karatun gauraye ga dukan ajujuwan babban lise a Maraɗi?

Tambayar ta fito ne daga wani malami mai tsara jadawalin darussa a wani babban lise na gwamnati a nan Maraɗi. Ya ce suna da ɗalibai 2,400 cikin ajujuwa 32. Bara malamai biyu, na lissafi da na fizik, sun gwada karatun gauraye da ajujuwan tarminal D (ajin ƙarshe na lise) guda biyu: wani sashe na darasi gaban malami, wani sashe a kan kwamfutoci 40 da wata ƙungiya ta ba makarantar, sannan ana tura bidiyo da atisaye ta WhatsApp. Abin ya yi kyau, shugaban makaranta yana son a baza shi ga kowa shekara mai zuwa. Malamin yana tambaya ta ina za su fara, kuma kwamfuta nawa za su nema.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka wa malaman nan biyu da alheri. Na daɗe ina koyar da fizik kafin in koma aikin raka malamai cikin ajujuwansu, kuma na ga irin wannan gwaji ya rayu, na ga kuma ya mutu. Shawarata ita ce kada ku kai shi ga kowa shekara mai zuwa. Ku ɗauki dukan ajujuwan sekond, wato ajin farko na lise, a darussa biyu kawai, lissafi da fizik, ku ba kanku shekara uku kafin ya game makarantar. Maganar adadin kwamfuta za mu zo kanta, kuma za ka ga ba ta kai girman da kake tsoro ba.

Kafin komai, ka zauna da malaman nan biyu ka roƙe su su rubuta maka gaskiyar abin da gwajin ya ci musu: awa nawa a mako bayan aikinsu na aji, mega na jaka nawa daga aljihunsu, dare nawa suka raba suna amsa tambayoyin yara a salula. Idan ka ga lissafin za ka gane sirrin nasarar. Su suka kawo kansu, ba wanda ya tilasta musu. Ɗalibansu kuma ƴan tarminal ne, bak, jarrabawar kammala lise, na gabansu, ko ƙarƙashin bishiya ka tara su za su saurara. Malami na talatin da za ka shigar cikin tsarin yana da iyali, yana koyarwa a makarantar kuɗi da yamma don ya cike gibin albashi, kuma ɗan sekond da ke gabansa yana ganin bak tana da nisa kamar Makka. Duk tsarin da ke buƙatar kowa ya yi irin sadaukarwar mutum biyun nan zai tsaya kafin hutun Disamba. Don haka aikinku shi ne ku mayar da abin da suka yi da guminsu ya zama abin da jadawali ke yi da kansa.

Bari in faɗi abin da nake ganin shi ne ainihin ribar karatun gauraye a makaranta irin taku. Ɗalibai 2,400 a ajujuwa 32, kowane aji yana da wajen 75. Ka san yadda awa take tafiya a irin wannan aji: malami ya rubuta a allo, yara su kwafa, na layin gaba biyar su amsa, na baya su yi shiru har a buga ƙararrawa. Ba malamin da zai iya duba littafin mutum 75 a cikin minti 55. Kwamfuta tana ba ka damar raba ajin gida biyu. Awa ta farko rabi suna gaban malami, rabi suna ɗakin na'ura. Awa ta biyu a yi musanya. Malamin da bai taɓa fuskantar ƙasa da mutum 75 ba sai ga shi da 37 ko 38. Zai iya zagayawa tsakanin benci, ya tsaya kan yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ya ga daidai layin da lissafinta ya karkace. Wannan awar ita ce abin da kuke saye da duk kuɗin da za ku kashe. Idan malami ya samu rabin aji kuma ya ci gaba da rubutu a allo ana kwafa kamar da, to an yi asarar ɗakin na'urar da kuɗin kuran ɗinsa, wato wutar lantarki, gaba ɗaya. A wannan awar ana yin atisaye ne, ana gyara kuskure, ana fitar da yaro allo.

Yanzu ga lissafin da ka nema. Rabin aji, mutum biyu kan kwamfuta ɗaya, yana buƙatar kwamfuta 19. Biyu-biyun nan ma alheri ne, domin suna gardama kan amsa, kuma gardama karatu ce. Ke nan kwamfutocinku 40 suna ɗaukar rabin ajujuwa biyu a lokaci guda, saura biyu su zauna a ajiye saboda wadda za ta lalace. Mu ce ɗakin yana buɗe awa 30 a mako. Kowace musanya awa biyu take ci a jere, wato zango 15 a mako, kowane zango aji biyu: guraben musanya 30 ke nan. Idan ajujuwan sekond 12 ne, darasi biyu kowanne, kun cinye gurbi 24, saura 6 ku bar wa ƴan tarminal da suka riga suka saba. Ka ga shekarar farko ba ku buƙatar ƙarin kwamfuta ko ɗaya. Ranar da kuke son dukan ajujuwa 32 su samu darussa biyu, gurbi 64 ake nema, wato kwamfuta wajen 95 da ɗaki na biyu. Wannan adadi ne da kwamitin kula da makaranta na COGES da tsofaffin ɗalibai da attajiran garin nan za su iya tunkara sannu a hankali. Mai cewa sai kowane yaro ya riƙe tasa na'urar, ka tambaye shi inda za a yi cajin 2,400.

An gwada wancan hanyar a wuraren da suka fi mu kuɗi. A 2013 hukumar makarantun birnin Los Anjelas ta Amurka ta ƙaddamar da shirin ba kowane ɗalibi iPad, na sama da dala biliyan ɗaya. Darussan da aka zuba a ciki ba su kammalu ba, malamai ba su samu horon kirki ba, cikin shekara biyu aka janye. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci dubbai ɗaruruwa, kuma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 kan makarantun karkara sama da 300 bai ga wani ƙari ba a lissafi ko a harshe. Wanda ya fi kama da abin da nake ba ka shawara shi ne gwajin Mindspark a birnin Delhi na Indiya, da aka wallafa sakamakonsa a 2019: minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 da malami cikin ƙaramin rukuni, kuma na'urar tana fara wa kowane yaro daga matakin da yake a zahiri. Cikin wata huɗu da rabi aka ga ci gaba mai ƙarfi, musamman a lissafi.

Wannan batu na mataki shi ne dalilin da ya sa na ce sekond. Duk wanda ya koyar da wannan aji ya san yaro zai zo da BEPC, takardar kammala kolej, a hannu amma haɗa kashi-kashi na lamba yana ba shi wuya, wani kuma Faransancin tambayar ne ke kayar da shi kafin ya kai ga lissafin. A gaban mutum 74 ba zai taɓa cewa bai iya abin kolej ba. Kunya ba za ta bar shi ba. A gaban kwamfuta zai koma baya shekara biyu, ya maimaita sau biyar, ba mai yi masa dariya. Idan kun toshe wannan rami a sekond, yaran za su hau aji na gaba sun saba da tsarin, malamansu na gaba su tarar da su a shirye, haka tsarin zai haura da su shekara bayan shekara har tarminal. Malaman tarminal kuma suna tseren gama manhaja kafin jarrabawa, ba su da sararin koyon sabon salo, kuma suna da hujja idan suka ƙi.

Ɗakin na'ura ba a barin sa babu babba. Ba dole ya zama malamin darasin ba, tunda shi yana can da ɗayan rabin. Mai kula da ɗa'a zai iya, ko matashin da ke hidimar ƙasa, ko ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke neman gogewa, idan kun yi yarjejeniya a rubuce. Abin da ke riƙe awar shi ne takarda ɗaya da malamin darasi ya rubuta: kalli wannan, yi atisaye kaza zuwa kaza, rubuta amsar tambayoyi uku a littafinka. Yaro ya shiga da littafi da biro, ya fita da rubutu, malami ya duba a awa ta gaba. Bak da biro ake rubuta ta, kada hannunsu ya manta.

Kada ku gina komai a kan intanet. Na san ana ta zancen manyan dandalin karatu na kan layi, amma ɗaki mai yara 75 da ke jiran rezo ya dawo ɗaki ne da ya mutu, kuma kuɗin mega na wata-wata shi ne abu na farko da zai gagare ku ranar da ƙungiyar ta tattara nata ta tafi. Ƙaramar kwamfuta ɗaya ta isa ta zama rumbu, ko da irin Raspberry Pi ce da ba ta fi tafin hannu ba, a haɗa ta da na'urar wifi mai kyau, duk kwamfutocin ɗakin su sha daga gare ta ba tare da an sayi mega ko ɗaya ba. A zuba mata Kolibri, wadda aka ƙera musamman don makarantun da ba su da intanet, tana riƙe sunan kowane ɗalibi da inda ya tsaya, malami ya gani. A cikinta za a iya sauke darussan Khan Academy da aka mayar Faransanci. A ƙara Kiwix, mai ɗauke da Wikipedia sukutum, da GeoGebra don zanen lissafi, da gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Kolorado. Duka kyauta ne. Ni a matsayina na malamin fizik, PhET ne ya fi taɓa ni. Shekaru na yi ina zana batir da ƙwan fitila da alli, ina cewa yara su ɗauka wuta tana gudana, saboda ɗakin gwajinmu ba shi da ko waya mai kyau. Ranar da na ga yarinya ta haɗa da'irar lantarki a kan allon kwamfuta, ta ƙara batir ta ga fitila ta ƙara haske, ta juyo ta ce wa abokiyarta yanzu ta gane dokar Om, na tuna ɗaruruwan da suka wuce ta hannuna suka haddace ba su gani ba. Ba ya maye gurbin kayan gwaji na gaske, kuma duk ranar da kuka samu kayan ku yi amfani da su.

Akwai aiki babba a ɓoye a nan. Darussan Faransancin nan an jera su ne bisa manhajar wasu ƙasashe, ba ta Nijar ba. Dole wani ya zauna da manhajarmu babi-babi, ya ce wannan bidiyon ya dace da mako na uku, wancan ya zarce abin da muke nema, wannan babin kuma babu komai a kansa sai mun yi namu. Wannan aikin taron malaman darasi ne, abin da muke kira UP. Idan malaman lissafi takwas ne, kowa ya ɗauki babi biyu ko uku, ya shirya takardun awar na'ura, kowa ya amfana da na kowa. A yi shi cikin babban hutu, tsakanin Yuli da Satumba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a biya su wani abu, ko kuɗin mai da abinci ne. Malaman nan biyu da suka fara, a rage musu awoyin aji a rubuce cikin jadawali, su zama masu raka sauran. Godiya a taron malamai ba ta isa ba.

Ka kiyaye da yadda za ku bi da manyan malamai, waɗanda suka yi shekara ashirin suna riƙe alli. Na sha ganin matashi mai iya kwamfuta ya tsaya gabansu yana nuna musu gazawarsu, su yi shiru, daga ranar an rasa su. Alhali taskar makarantar tana bakinsu. Malamin da ya san inda yara ke tuntuɓe a kowane babi, wanda ke da misalin da ke buɗe kai cikin minti uku, ka roƙe shi izini a ɗauke shi da salula yana bayani a allo. Minti biyar zuwa takwas ya isa. Bidiyonsa zai fi na Turawa shiga kunnen yaranmu, kuma ranar da ya ga ana kallonsa a ajujuwa goma sha biyu, ya zama naku. Horo kuma a yi shi gajere a maimaita, awa ɗaya kowane mako biyu, a cikin ɗakin na'urar, kan darasin da za a koyar mako mai zuwa. Taron kwana biyar a farkon shekara da ake raba takardar shaida a watse, ban taɓa ganin ya canza aji ba. Tunda yawancin malamanmu ƴan kwantiragi ne, ana canza musu wuri, wani lokaci yajin aiki ya ratsa, duk abin da aka shirya ya zama mallakar makaranta, a ajiye shi a wuri biyu, kada ya tafi cikin salular mutum ɗaya.

Game da harshe, ni ina goyon bayan a yi gajerun bayanai da Hausa a gefen darasin. Tun 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma ko ba don haka ba, kowane malami a Maraɗi ya san lokacin da fuskoki ke washewa: lokacin da ya ajiye Faransanci ya ce, ku saurara, ga abin da ake nufi. Kalmomin darasi su zauna da Faransanci tunda da shi za a rubuta jarrabawa, bayanin ya zo da harshen da yaro ke tunani da shi. A tuna da ƴaƴan ma'aikata da suka zo daga wasu jihohi, waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Bayanin Hausa ƙari ne, ba a jingina jarrabawa da shi.

Sai maganar kuran, wadda ke iya rusa duk abin da na faɗa. Wutar da muke sha a Maraɗi mafi yawanta daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina, kuma kowa ya tuna abin da ya faru bayan Yulin 2023 da aka yanke ta wata da watanni. Ko a shekarar lafiya, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma jarrabawa ke ƙaratowa, su ne lokacin da NIGELEC, kamfanin wutar ƙasa, ta fi ɗaukewa. Don haka ɗakin ya tsaya da ƙafarsa a kan sola. Sa'arku ita ce da rana ake karatu, lokacin da farantan ke cika, ba ku buƙatar tarin batura kamar mai kunna gida da dare. Kwamfutar cinya tana shan wajen wat 40, guda 40 sun tasam ma wat 1,600. Ƙananan allunan hannu ba su kai rabin rabin haka ba. Idan za ku ƙara saye, ku guji manyan kwamfutocin tebur na gwanjo, masu shan wuta kamar rijiya kuma su mutu nan take da an ɗauke. Zafi yana cin batir, ƙurar hunturu tana toshe fanka. A rufe na'urori da ƙyalle, a share farantai kowane mako, a bar iska ta ratsa inda batura suke. Kuma ina roƙonka da babbar murya, kada a taɓa kai batir ko wayar caji cikin ajin zana. Garin nan bai manta gobarar Nuwamban 2021 ba, da ta cinye yara sama da 20 a ajujuwan kara. Allah ya ji ƙansu.

Ku sa kuɗin gyara cikin kasafin COGES tun ranar farko: caja, linzami, batir, da ladan mai gyara. Na taɓa zuwa wata makaranta na tarar da ɗakin kwamfuta a kulle wata bakwai. Mai riƙe da makulli mutumin kirki ne, amma an gaya masa duk abin da ya lalace a wuyansa yake, shi kuwa ya ga hanyar tsira ita ce kada kowa ya shiga. Na'urorin suna nan lafiya ƙarƙashin ƙura, yara suna wucewa ta ƙofar kullum. Ku rubuta a fili cewa lalacewar aiki a kan makaranta take, sata da ganganci ne kawai ake tuhuma, kuma makulli ya zama biyu.

Yanzu ɓangaren gida, inda zuciyata ta fi damuwa. Salon da ake ba yaro bidiyo ya kalla a gida, a zo aji a yi atisaye, wasu malaman kimiyya biyu ne suka yaɗa shi daga wata makaranta a jihar Kolorado tun 2007, kuma ya ginu ne a kan cewa kowane gida yana da na'ura da wuta. A ajinka akwai ɗan babban ɗan kasuwa mai salula biyu, akwai kuma wanda ya zo daga ƙauyukan Madarunfa ko Tibiri yana zaune a zauren wani, wanda ko fitilar karatu sai ya nema. Salular gida ta baba ce ko ta yaya, tana fita kasuwa da safe ta dawo da dare. Ƴan mata sun fi shan wannan: aikin gida yana jiransu, kuma iyaye da yawa ba su yarda ƴarsu ta riƙe salula ba, suna da dalilinsu da ya kamata a girmama. Idan kuka sa maki a kan abin da ake yi da salula a gida, kun ƙara wa mai shi kun rage wa marar shi, da hannunku. Doka ta zama ɗaya: duk abin da za a ba maki a kansa, an ba kowa lokacin yin sa a cikin makaranta. Abin gida ƙari ne. A raba shi ta katin memori ko Xender a bakin ɗakin na'ura, ba sai an sayi mega ba, kuma a yawaita sauti da hoton takarda, waɗanda ƙaramar salula ma ke buɗewa. A buɗe ɗakin wasu yammaci da safiyar Asabar, a keɓe wa ƴan mata nasu lokaci da malama a ciki, su koma gida kafin magariba.

Ƙungiyoyin WhatsApp kuma a yi musu ƙa'ida kafin a faɗaɗa su. Da ajujuwa biyu da malamai biyu da kowa ya sani, amana ta isa. Da malamai talatin da ƴan mata ɗaruruwa, dole a rubuta: ba saƙon sirri tsakanin malami da ɗaliba, kowace ƙungiya da malama ko uwa daga ƙungiyar iyaye mata a ciki, ana rufe ta da dare. Abu ɗaya mara daɗi ya faru, labari ya zaga daga unguwar Zariya zuwa Sabon Gari cikin yini, iyaye su janye ƴaƴansu, kuma wadda aka cuta ita za ta ɗauki nauyin har abada. Ku kira iyaye tun kafin a fara, ku shigar da su ɗakin, su zauna su taɓa, su ga babu intanet a ciki balle abin da suke tsoro. Gani ya kori ji.

Kada ka ɗauka wannan abu baƙo ne a ƙasarmu. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka koyar da yara ta talabijin, tun 1964, da taimakon Faransa. Waɗanda suka ga shirin sun yaba ingancinsa, amma ya daɗe a ajujuwa kusan 20, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa. Gwajin ya yi kyau, faɗaɗawar ce ta gagara, kuma a daidai wannan mashigi kuke tsaye yau. A gefe guda, shirin yaƙi da jahilci na ABC da aka yi a ƙauyukan Doso da Damagaram wajen 2009 da 2010 ya nuna manyan da aka haɗa wa karatu da ƙaramar salula sun fi sauran riƙe rubutu da lissafi, da malaminsu a gabansu da na'urar da ba ta fi ƙarfin aljihu ba.

Ku auna, amma kada ku auna da sakamakon bak na ajujuwa biyu. Shekara ɗaya jarrabawa ta yi sauƙi, wata ta yi tsauri. A makon farko na Oktoba ku yi wa dukan ƴan sekond gwaji ɗaya na abin kolej, ku maimaita irinsa a Fabrairu da Mayu. Idan sakamako ya fito, ku fara duba kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, sannan ƴan mata daban, sannan waɗanda ba su da salula a gida. Idan na sama ne kawai suka motsa, tsarin yana buƙatar gyara kafin ya hau aji na gaba. Mai kula da ɗakin kuma ya riƙe littafi: zango nawa aka tsara, nawa aka yi, me ya hana sauran. Wannan littafin zai gaya maka gaskiya fiye da kowane rahoto. Wata riba da za ku gani daga baya ita ce ta shekarun da karatu ke yankewa, kamar 2020 da aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni saboda korona, ko 2024 da ambaliya ta tura komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Makarantar da ke da rumbun darussanta a jere tana da abin cike gibi.

Abin da ke hannunka kai kaɗai, Malam, shi ne jadawali, kuma shi za a fara. Zangon musanya awa biyu ne a jere na darasi ɗaya, aji biyu a lokaci guda, kuma ajujuwan su kasance kusa da ɗakin don kada musanya ta cinye minti goma sha biyar. Waɗannan guraben 24 za ka fara dasawa a takarda tun tana fara, sannan ka jera sauran darussa kewaye da su. Idan ka bari sai ka gama jadawali ka nemo musu wuri, ba za su shiga ba. Ka guji ba aji ɗaya awar tsakar rana a duka darussansa biyu, saboda zafin bazara. Idan ka zana na farko, ka aiko mini da shi tare da ainihin adadin ajujuwan sekond da na malaman lissafi da fizik, mu duba shi tare kafin a kai wa shugaban makaranta.